Dan Allah ina zan koyi rinin batik a wannan dogon hutun? Ina Agege

Maman_Ilham

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar rini. Ni malamar firamare ce a nan Agege, ina kuma taɓa ɗinki da ƙunshi a gida ranakun Asabar da Lahadi, to yanzu an kusa dogon hutu sai cikin Satumba za a koma, kuma bana ba za mu je gida Katsina ba saboda kuɗin mota, shi ne nace maimakon zaman kashe zani gara in koyi wani abu da hannuna.

Abin da ya ɗau hankalina wannan rinin ne da ake yi da kyandir, batik, wasu kuma naji suna ce masa kampala. Wata kwastomata Bayarabiya ta kawo min yadi biyar in ɗinka mata bubu, shuɗi ne mai duhu da zanen ganye fari fari, in kin duba da kyau a cikin farin akwai wasu siraran layuka kamar ya tsattsage amma ba yagewa bane kala ce ta shiga, wallahi sai da na ajiye almakashi na tsaya ina juya shi ciki da bai. Tace min ai da hannu aka yi shi a Abeokuta.

To tambayata, a ina mutum zai koya a nan Legas ko kusa, kuma hutun nan zai isa in iya wani abin kirki ko sai an yi shekara? Sannan meye bambancinsa da adire, dan wasu suna ce min duk abu ɗaya ne wasu kuma suna cewa shi batik asalinsa daga Indonesiya yake. Maigida ya amince in dai ba nisa zan yi ba. Abu ɗaya dake bani tsoro shi ne kemikal ɗin, ina da ƙananan yara kuma gidan haya muke tsakar gida ɗaya da mutane. Nagode.

Hajiya_MaiShadda

Wa alaikumus salam Maman Ilham. Kin zo gidan, ni sana'ata kenan a nan Idi-Araba kuma a Abeokuta na koya, to ki gyara zama.

Yarbawa duk yadin da aka hana rini shiga wani sashe nasa adire suke ce masa, hanyoyin hanawar ne suka bambanta. Akwai oniko wanda ake ƙulle yadin da zaren tukurwa, wani lokacin a sa ɗan dutse ko ƙwayar masara a ciki a ɗaure, akwai alabere na ɗinki da allura a tsuke zaren, akwai eleko wanda ake dama garin rogo ya yi kauri a zana shi a jikin yadi da gashin kaza ko a shafa ta cikin kwanon da aka huhhuda, sai alabela shi ne na kyandir, shi ne batik ɗin da kike magana. Wancan tsagewar da kika gani kyandir ne ya karye lokacin da aka tsoma yadin a ruwan rini sai kala ta bi ta wajen, kuma da ita masu saye suke gane na hannu.

Maganar wurin koyo, ki tafi Itoku a cikin garin Abeokuta. Daga Agege ai kusa ne, ko ki bi mota ta Abule Egba da Sango Ota ko ki hau jirgin ƙasan Legas zuwa Ibadan da ya fara aiki 2021, yana tsayawa a Abeokuta. Kasuwar adire tana nan Itoku ba nisa da dutsen Olumo, amma kar ki tsaya a shagunan bakin titi, su sayarwa kawai suke, ki nemi a kai ki cikin unguwar Kemta inda ake aikin, za ki gane kin iso in kika ga ruwan kwata ya koma shuɗi da ja kuma an shanya yadi a ƙasa ko ina. Mata ne suka riƙe sana'ar tun kaka da kakanni, da yawansu Alhajoji ne masu sallah, in kin je ki durƙusa ki gaida babbar ki ce mata Mama, ki faɗa mata gaskiya hutu kike kuma iya kyandir kike so, ku yi ciniki tun farko har da wa zai sayi yadi da kala dan kar a zo ana jayayya daga baya. Akwai Hausawa a Sabo in kwana ya kama ki.

Shin hutu zai isa? Zai isa ki iya fitar da yadi mai kala ɗaya ko biyu wanda za ki ɗinka ki saka ba kunya. Ba zai isa ki iya haɗa kala yadda in kwastoma ta dawo tace irin na wancan karon take so ki fitar mata da shi sak ba, wannan sai an daɗe ana yi. Kuma tunda kina ƙunshi rabin aikin yana hannunki, yadda kike matsa ledar lalle layi ya fita siriri bai tsinke ba to haka ake bi da kyandir, bambancin shi da zafinsa yake kuma ba ya jiran kowa.

Zafin nan shi ne abu na farko da za ki sa wa ido. Ana narka kyandir a faffaɗar tukunya kan risho ko gawayi, a shimfiɗa yadi kan teburin da aka sa wa katifa da leda, a tsoma soso da aka yanka da siffar zanen ko hatimin katako a ɗan girgiza a danna. In ya yi zafi da yawa sai ki ga yana hayaƙi yana malala ya ɓata gefen zane, in kuma ya huce sai ya zauna a sama fari fat bai ratsa ba, rini ya bi ta ƙasa ya cinye zanen. Ki riƙa ɗaga yadin kina duba bayansa, in kin ga wurin ya yi duhu kamar mai ya taɓa shi to ya ratsa. Farin kyandir shi ke karyewa ya bada tsaga tsagan nan, kakin zuma kuwa yana da danƙo baya karyewa sosai, shi yasa ake gauraya su gwargwadon abin da ake so. Ruwan rinin kuma dole ya huce kafin a tsoma, in ba haka ba ya narkar da aikin gaba ɗaya. Ana farawa da kala mai haske, a shanya, a sake rufe inda ake so ya zauna a haka, sannan a shiga mai duhu. A ƙarshe a tsoma a tafasasshen ruwa kyandir ya taso sama a kwashe a ajiye dan ana sake amfani da shi, a wanke a sa sitaci a goge. Yadi kuma auduga zalla, shadda ta auduga ko farin yadi, ki fara wanke shi ki cire sitacin kamfani, mai roba a ciki ba ya kama rini kuɗinki kawai za ki zubar.

Yanzu kemikal, nan ne nake so ki ji ni da kyau ƙanwata. Ana haɗa kalar da soda da wani farin gari da ake ce wa haidros mai wari, ana samunsu a kasuwar kemikal ta Ojota. Soda tana cin fata, a ido kuwa ba a magana, kuma in ta narke a ruwa ba ki bambanta ta da ruwan sha, yara da yawa sun sha ta a gidajen da ake sabulu maƙogwaronsu ya lalace. Kar ki taɓa zuba ta a robar lemo ko kofi, ki sa a mazubi mai murfi ki kulle a inda hannun yaro ba ya kai. Soda ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba a zuba ruwa a kanta. Safar hannu ta roba doguwa har gwiwar hannu, takunkumi, kuma a fili inda iska ke kaɗawa. In kyandir ya kama wuta kar a watsa ruwa, a kashe risho a rufe da murfi. Gaskiya a tsakar gidan haya ni ban ba ki shawarar ki yi rinin ba, ki yi zanen a gida in yara sun yi barci ki kai wani wurin a tsoma.

Alh_Sani_Balogun

Hajiya ta gama magana kan na gida, Allah ya ƙara buɗi. Ni zan ɗan taɓa na Indonesiya tunda Malama ta tambaya, lokacin da nake sarin kaya a kasuwar Tanah Abang ta Jakarta na taɓa ɗaukar hutu da iyali muka hau jirgin ƙasa zuwa Yogyakarta, can ne da Solo cibiyar abin a tsibirin Java.

Gaskiya ne sunan nasu ne kuma ba wanda ya kai su ƙwarewa a aikin kaki. Hukumar UNESCO ta sa batik ɗinsu cikin kayan gadon duniya ranar 2 ga Oktoba 2009, har yau duk 2 ga Oktoba ranar batik ce a ƙasar. Wanda ya je Hajji ma ai ya gansu, alhazansu duk riga iri ɗaya mai zane suke sawa, to shi ne.

An kai mu wani ƙauye Giriloyo a kudu da gari inda baƙi ke zama a koya musu. Mata ne zaune kan 'yan kujeru sun kewaye ƙaramin kasko, kowacce da yadinta rataye a jikin katako, a hannunta wani ɗan abu da suke kira canting, ɗan kofin tagulla ne mai siririn baki da mariƙin gora. Ta ɗebo kaki, ta kai bakinta ta hura sau ɗaya dan hancin ya buɗe, sannan ta ja layi, ta sake ɗebowa ta sake hurawa, haka za ta wuni, ɗigo ɗigo ƙanana kamar ƙwayar gero a jere ba wanda ya fi wani. Mai kyaun sai an bi zanen gaba da baya, shi yasa turmi ɗaya yake cin watanni. Uwargida da aka ba ta ɗan ƙyalle ta gwada sai matar ta kama hannunta ta gyara mata, tace yadin ake karkatawa a tafin hannu shi kuma canting bakinsa ya ɗan kalli sama har sai ya taɓa yadi, in ba haka ba ya ɗiga. Akwai kuma na hatimin tagulla da maza suka fi yi, shi ya fi sauri ya fi araha. Na Yogya da Solo kalarsu ruwan ƙasa ce da shuɗi da fari, ruwan ƙasan daga ɓawon itace suke samu, akwai ma zanen da da can sai gidan sarauta ke sawa kamar parang, na garin Pekalongan da ke bakin teku kuwa kala kala ne da furanni da tsuntsaye.

Wani abin da matanmu da yawa ba su sani ba, atamfar da kuke ɗaurawa jikar batik ce. Turawan Holan da suka mulki Indonesiya su suka yi ƙoƙarin kwaikwayonsa da inji, mutanen can ba su karɓa sosai ba sai kasuwar ta buɗe a Afirka ta Yamma. Kamfanin Vlisco mai yin super yana garin Helmond tun 1846.

Amma Malama ban ce ki yi tunanin zuwa can ba, bizarsu tana da wuya ga mai fasfo ɗin Najeriya, ba jirgi kai tsaye sai an yada zango, kuma abin da ake koya wa baƙo a yini guda ɗanɗano ne kawai. Ki bi maganar Hajiya. In kin fara fitar da mai kyau ki kawo kasuwar Balogun mu gani, yanzu kasuwa ta cika da na inji da ake bugowa daga Chana mai kama da adire, fuska ɗaya ce mai kala bayan ya koɗe, masu kuɗi kuma na hannun suke nema.

Ɗan_Marina_Mile12

Salam. Ni fa abin da ke damuna kenan, ana maganar rini an je Abeokuta an je har Indonesiya ba wanda ya ambaci Kano. Anti ki yi haƙuri ba faɗa nake ba, abin ne yake min ciwo, ni a gidan marina aka haife ni duk da yanzu tumatir nake saidawa a Mile 12.

Marinar Ƙofar Mata tun 1498 take, haka aka rubuta a ƙofar wurin. Baturen nan Barth da ya zo Kano 1851 ya ga yadda ake ɗaukar rinannen kayanmu har Timbuktu da ƙetaren Sahara. Rawanin da Buzaye ke naɗawa mai sheƙi har yana shafa musu shuɗi a fuska, ɗan Kura, ai a Kura ake rina shi a buge shi. Kuma mu ba soda ba haidros, ruwa ne da baba da toka da kanwa a zuba a karofi mai zurfi a bar shi ya yi kwanaki yana tsima ana motsawa da muciya har kumfa ta taso, marini ya duba kumfar ya shinshina ya san ya nuna ko bai nuna ba. In ka tsoma yadi ka ɗago kore kore yake fitowa, kana riƙe da shi iska na bugunsa yana komawa shuɗi a gaban idonka, ka sake tsomawa ka sake ɗagowa har ya kai duhun da kake so. Ƙullin zanen kuma mata ne ke yi a cikin gida da zare da allura su aiko a rina, kakata da shi ta yi wa 'ya'yanta kayan ɗaki. Daga nan a kai wa mabuga su buge shi kan gungume ya yi santsi.

Yau je ki gani, ramuka da yawa sun cike da shara, tsofaffi ne suka rage sai baƙi masu ɗaukar hoto. Mu muka guje shi muka ce aikin ƙazanta ne hannu yana baƙi, ga shi Yarbawa sun riƙe nasu har manyansu na sawa a taro. Ban hana ki koyon na kyandir ba Anti, amma in Allah ya kai ki gida ki tsaya Kano ko yini ɗaya ne.

Ummi_Obalende

Anti kafin ki tafi Abeokuta ki fara shiga Nike Art Gallery da ke Lekki ki cika idonki, bene ne hawa biyar cike da zane zane da adire da batik. Mai wurin Mama Nike Davies-Okundaye 'yar Ogidi ce a jihar Kogi, a gida ta koyi sana'ar tun tana yarinya, kuma tana da cibiya a Osogbo tun 1983 inda aka koyar da mata da matasa masu yawa. Sai dai Osogbo ta yi miki nisa tunda Abban Ilham yace kusa, kuma a watan Agusta garin cika yake saboda bikin Osun masauki na wuya. Ki je da littafi da biro ki zana abin da ya burge ki, ki tambayi ma'aikatan ko akwai ajin koyo a lokacin. Ki fito da sassafe dan daga Agege zuwa Lekki in go-slow ya kama ki a gadar Third Mainland kin san sauran. In kin shirya ki min magana in raka ki, nima ina so in koya.

Hajiya_MaiShadda

Ɗan Marina gaskiyarka ɗana, kuma ba a raba abin biyu ba, ruwan karofi ai mai sanyi ne dan haka yadin da aka yi wa kyandir zai shiga lafiya lau ba abin da zai narke, su ma tsofaffin Abeokuta da ganyen elu suke yi wanda mu muke ce wa talaki kafin kalar kanti ta zo ta kore shi saboda sauri. Matsalar kawai a Legas ina za ka haƙa karofi a gidan haya.

Maman Ilham abin da na manta, in kin je za su fara koya miki zanensu, akwai masu suna irin Olokun da Ibadandun, wasu da tsuntsu da ƙadangare a ciki. Ki koya yadda aka koya miki kar ki yi musu, amma in kin dawo ki zauna ki yanka sosonki da namu, dagi, zanen hula, aska takwas ta babbar riga, furen ƙunshin da kike yi wa amare. Kwastomomina na Idi-Araba da Agege ba sa sayen mai hoton abu mai rai saboda sallah, kuma sun fi son kala mai nutsuwa da za a yi doguwar riga da mayafi, ga su da son shadda galila ta Mali suna biyan kuɗi masu yawa a kanta, to wa zai yi musu irin wannan a nan kusa in ba mu ba. Sannan ki lura da sama, damina ce, ana ɗan samun sauƙin ruwa a Agusta amma duk da haka kar ki jiƙa yadi da yawa ranar da gari ya haɗe.

Maman_Ilham

Kai masha Allah, Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya, ban zaci zan samu bayani haka ba. Hajiya na karanta wa maigida maganar soda sau biyu, yace ko cokali ɗaya ba za a shigo da ita gidan ba kuma na yarda da shi, akwai wata ƙawata a Abule Egba mai fili a bayan gida da rijiya za mu yi magana da ita. Alhaji nagode, wallahi ban taɓa sanin atamfa na da alaƙa da wannan ba ga shi kullum ita nake yankawa. Yaya Ɗan Marina in sha Allah da babbar sallah in mun je gida zan sa a kai ni Ƙofar Mata, ka faɗa min ko suna karɓar yadin mutum ya kawo a rina masa. Ummi ranar Asabar ta farko bayan an yi hutu ta yi miki?

Hajiya saura tambaya ɗaya, farin yadin gwaji in saya a Balogun in tafi da shi ko in bari sai na je can, kuma yadi nawa zan fara da shi?

Hajiya_MaiShadda

Ki saya a Balogun ya fi sauƙi, ki ce auduga zalla kike so, ki zare ɗan zare a gefe ki ƙona, in ya zama toka mai laushi auduga ce in ya dunƙule ya yi tauri akwai roba ki ajiye musu. Yadi goma na mai araha ya ishe ki, ki yayyanka rabin yadi rabin yadi ki wanke ki goge tun a gida, shadda kuma ki bari sai Mama da kanta ta ce hannunki ya zauna. Ki tafi da tsohon zani da silifas ɗin roba da hijabin da ba kya ji da shi.